Tofi da Busasshen Baki

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban yi boko ba, na allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi, don haka Hadiza 'yar ƙanena ce ke riƙe da alƙalami, ni kuma ina faɗa. Idan kun ga magana ta yanke, na tsaya kurɓar ruwa ne. Ba na iya jera zance mai tsawo sai na jiƙa baki, za ku ji dalili.

Abin da ya sa na ce a rubuta, ku ne 'yan matan unguwar nan da kuka zo kwanan baya kuna cewa in koya muku daddawa. Ɗayarku ta ce ai ba wani aiki ba ne, a dafa kalwa, a rufe, a bar ta ta ruɓe. Ban ji haushi ba. Amma daddawa ba ruɓewa take yi ba, nuna take yi, kuma tsakanin nuna da ruɓa akwai wani ɗan siririn wuri da na fi shekara arba'in ina tafiya a kansa. Bara saura ƙiris sana'ar ta kuɓuce mini, a kwashe ni zuwa Kano in zauna a ɗaki ina kallon bango. Ciwo ya ci mini rabin baki, mutuwa ta ɗauke mini miji, kalwa kuma ta ƙi ni. Yadda muka shirya da ita nake so ku ji kafin ku taɓa mini tukunya.

Tsintar kalwa ce aikin farko da Gwaggo Asabe ta sa ni. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a garin Babban Mutum tun ban iya ɗaura zane ba. Takan zube mini kalwa a faifai ta ce in fitar da tsakuwa da wadda ƙwaro ya huda, ta tafi abinta. Idan ta dawo ta tsoma hannu ta ci karo da tsakuwa ko ɗaya, sai ta juye duka ta ce in sake. Lokacin ɗorawa na nan birjik a gonaki, mu sha garinta, a ajiye ɓawon don makuba ta shafen daɓe da katanga, ƙwallon kuma, wato kalwa, a tara mana. Yanzu itatuwan sun ƙare, sai ta buhu da ake kawowa daga kudu, in je kasuwar Mai'aduwa in saya. Kalwa mai kyau, idan kin watsa ta a faifai, ƙara take yi kamar tsakuwa. Wadda ta sha damshi shiru take faɗuwa.

Dahuwar farko ita ce mai cin itace. Ki ɗora babbar tukunya da la'asar, ba za ki sauke ba sai gari ya waye, kina ƙara ruwa kina tura wuta, don ɓawon kalwa taurin kai gare shi. Da safe ki zuba a turmi da ɗan toka ki surfa. A nan ake gane hannu. Idan kin buga taɓarya kamar mai dakan gero, kin farfasa ƙwayar. Idan kin lallaɓa da yawa, ɓawo ya zauna. Daga nan sai wanki a gwagwa, wata tukunya ce mai huda-huda ko'ina a jikinta. Ki tsoma ta a ruwa kina murzawa, baƙin ɓawo yana fita, har ƙwayar ta fito fes. Hannunki zai yi yaushi, farce ya yi baƙi, bayanki ya riƙe. Wadda ke son lalle ya zauna mata kyau, ta nemi wata sana'ar.

Dahuwa ta biyu gajera ce, da ɗan kanwa. Gwaggo takan tsamo ƙwaya ɗaya ta hura, ta ɗora a harshe ta danna ta da ganɗa. Idan ta baje ba tare da haƙori ya taɓa ta ba, ta yi. Sai a tsame, a juye a kwandon da aka shimfiɗe da ganye, a barbaɗa ɗan gari. A nan ne abin da ya kawo wannan labari yake. Gwaggo takan sunkuya a kan kwandon, tururi na dukan fuskarta, ta karanta wata gajeriyar addu'a, ta tofa a kan ganyen da za a rufe da shi, sannan ta rufe, ta danne da buhu da tsohon zane, a kai lungun ɗaki. Na taɓa tambayarta amfanin tofin. Ta dube ni kamar na tambayi amfanin ruwa.

"Idan babu yawun mai ita, kalwa ba ta san wa za ta yi wa biyayya ba," in ji ta.

Haka na karɓa, haka na yi ta yi. Bayan 'yan kwanaki ki buɗe, ki ga ta yi laushi, ta yi duhu, idan kin ɗaga ƙwaya wani yauƙi yana bin ta zare-zare, warinta kuma ya soki hanci har ido ya kawo ruwa. Ki kirɓa, ki mulmula, ki latsa ta yi faɗi, ki shanya a rana. Sai kasuwa.

Masu saye iri-iri ne. Akwai mai shinshinawa, akwai mai karyawa ta duba ciki, akwai mai lasa ta yi shiru tana kallon sama kamar mai jiran saƙo. Matan Nijar da ke shigowa ta Kongolam kwando-kwando suke ɗauka, su ba sa son mai laushi, sai wadda ta bushe ƙayau don tafiya. Akwai kuma Maman Ngozi, matar wani mai sayar da kayan gyaran babur a Daura. Ita ɗanya take so, wadda ba a kirɓa ba, kuma tana ciniki da Hausar da ta fi tawa kaifi.

Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, manomi ne. Tun ranar da aka kawo ni gidansa yake ƙorafin warin daddawa. Duk ranar da na kai kwando lungu, sai ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure. Yakan ce idan ya ɓace a kasuwa kada a wahalar da mai shela, a bi warin rigarsa kawai. Mai kalwa yake kirana, ban tuna ranar da ya kira sunana na yanka ba. Amma shi ke ciko mini amalanke da itace, kuma idan aka kawo masa miya babu daddawa, sai ya ture kwanon ya ce wa ya mutu.

Ciwon ya fara ne a gefen harshe, daidai inda nake danna ƙwaya. Na ɗauka kalwa mai zafi ce ta ƙone ni. Wata ya wuce bai warke ba. Sai wani ƙullutu ya fito a wuya, da fari kamar ƙwayar kalwa, daga baya kamar goro. Na sha saiwoyi, na sha rubutu. Maman Ngozi ce ta kama haɓata a tsakiyar kasuwa, ta juya fuskata ta duba, ta ce wannan ba na jiƙo ba ne, in tafi asibiti tun yau, kuma ba za ta sake sayen daddawata ba sai ta ga takardar likita. Daga Daura aka tura mu Katsina, daga Katsina sai Zariya. Can aka ce ciwon daji ne. Aka yanke gefen harshen, aka buɗe wuya aka cire abin da ke ciki. Shi ya sa har yau wasu kalmomi suke fito mini a karkace, Hadiza sai ta ce in maimaita.

Bayan yanka sai gashi. Wani inji ne da ke ƙona ragowar ciwon da hasken da ido ba ya gani. Kafin a fara, suka jiƙa wani abu mai huda-huda a ruwan ɗumi suka kifa mini a fuska har ya ɗauki siffata ya bushe. Da na gan shi na ce wa ma'aikaciyar, ashe ku ma kuna da gwagwa. Kullum sai a kwantar da ni, a kifa mini ita, a ɗaure ta da gado, kowa ya fita, injin ya yi ta zagaya ni yana gunaguni. Babu zafi, babu hayaƙi. Na yi ta mamakin wutar da ke dafa mutum ba ya ji. Sai da aka yi makonni na gane tana ci, don fatar wuyana ta yi baƙi ta saɓule, cikin bakina ya zama gyambo. Malam yana waje ƙarƙashin bishiya da gorar kunu, duk tsawon lokacin. Shanun huɗarsa a wannan tafiya suka tafi, bai taɓa ambata mini ba.

Aka ce ciwon ya mutu, muka dawo gida, amma bakin da na dawo da shi ba nawa ba ne. Da safe nakan farka harshe ya manne da ganɗa kamar an liƙa da ƙaro, sai na ɗiga ruwa kafin in iya amsa sallama. Tuwo ya zama kamar ana tura mini auduga a maƙogwaro, ba ya wucewa sai da miyar yauƙi, kuɓewa ko karkashi, ina bi da ruwa loma-loma. Barkono ko ƙwaya ɗaya wuta ne. Goro na bar shi. Muƙamuƙi ya ƙage har cokali da ƙyar yake shiga, aka ba ni wasu 'yan itatuwa masu faɗi in riƙa jerawa tsakanin haƙora, in ƙara ɗaya idan ya ɗan saki. Wuyan ya yi tauri kamar ƙirgi, ƙarƙashin haɓa yana kumbura. Malam ke shafa mini man kaɗe yana murzawa daga haɓa zuwa kafaɗa yadda aka nuna masa a asibiti, da hannun nan nasa mai kaushin fartanya.

Ni mace ce mai son sanin dalilin abu, don haka na riƙa gwada harshen kamar sabuwar tukunya. Na lashi sukari, na ji yashi. Na lashi gishiri, kamar na tsotsi ƙusa. Zuma kuwa maiƙo kawai. Abin da ya fara dawowa ɗaci ne. Ranar da na tauna ganyen shuwaka na ji ɗacinta, dariya na yi ta yi, har Malam ya leƙo ya ce bai taɓa ganin wanda ɗaci ya faranta wa rai ba. Gishiri ya biyo baya a hankali. Zaƙi har yau daga nesa nake jin sa, kamar ana kiɗa a wani ƙauye. Da muka koma a duba ni, na tambayi likita ina yawuna ya tafi. Ya ce akwai wasu 'yan maɓuɓɓuga a ƙarƙashin kunne da haɓa, gashin ya ƙone su tare da ciwon, wataƙila wasu su farfaɗo kaɗan, wataƙila a'a. Ya ce in riƙa yawo da ruwa, in kuskure baki da ruwan gishiri, in kula da haƙora don bushewa na cin su. Na ce to daddawa fa, tana kamawa babu yawu? Ya yi dariya ya ce shi iliminsa na daddawa a kwanon miya ya tsaya.

Tukunyar farko da na ɗora bayan na sami ƙarfi, komai ya tafi daidai har na juye a kwando. Na sunkuya na karanta addu'a, na tattara baki zan tofa, babu komai. Iska kawai. Na motsa harshe, na matsa ƙarƙashin haɓa da yatsa, na tuna tsamiya, na tuna lemon tsami, ko ɗigo. Na shiga ɗaki na kurɓi ruwa na dawo, sai zuciyata ta ce wannan ai ruwan randa ne, ba naki ba, kalwa ba za ta yarda ba. Na haɗiye. Na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata. Daga baya na tashi na hura busasshiyar iska a ganyen na rufe. Ranar buɗewa babu yauƙi, babu zare, sai tsami da fumfuna. Ko awaki da suka shinshina a bola juyawa suka yi.

A wannan shekarar kuma wasu suka fara cewa kada a sayi daddawata, wai ina tofa mata ciwon daji. Likita ya riga ya gaya mana ba a ɗaukar sa, amma kasuwa ba ta je asibiti ba. Maƙwabciyata Tabawa mai ƙuli-ƙuli, ƙawata tun muna amare, ita ta tare su. Ta ce musu yawun da suke tsoro, su nemo mata shi ko cokali ɗaya, mu za mu saya.

Na ce wa Malam na bar sana'a. Washegari sai ga amalanke cike da itace. Na sake dafawa don kada in kunyata shi. Da na juye a kwando na tsaya ina kallo, sai na ji shi a bayana, ya toshe hanci da gefen rawani.

"Matsa, mai kalwa," ya ce. "Yawun gidan nan ai ɗaya ne."

Na gaya masa addu'ar. Ya karanta ta a guje kamar ana kora shi, ya tofa, ya yi waje yana tari. Na rufe. Ta kama. Ta yi kyau irin wanda na manta rabon da in gani. Daga ranar duk dahuwa sai na aika a kira shi daga zaure ko daga gona, ya tsaya kusa tun kafin in tsame, ya yi tofinsa ya gudu. Ya riƙa gaya wa abokansa a bakin masallaci cewa shi ne mai daddawar yanzu, ni 'yar aikinsa ce. Shi ya zama mai ɗanɗana mini kuma, sai dai ba shi da amfani a nan, don komai na ba shi sai ya yamutsa fuska ya ce ta yi. Dole na koyi jin dahuwa da yatsa, in danna ƙwaya tsakanin babban yatsa da manuni, in ji nunar kwando da tafin hannu da kuma yadda warin ke sukar ido. Matan Kongolam suka dawo. Maman Ngozi ta ga takardarta.

Da kaka, wata rana Malam ya shigo da damin gero a ka, ya sauke, ya ce kansa ya yi nauyi. Ya kwanta a zaure. Kafin la'asar magana ta ɗauke, washegari Allah ya karɓi abinsa. Ni aka yi ta yi wa kallon mai tafiya, ni dangi suka zo yi wa bankwana a Zariya, sai ga shi nasa likkafanin aka ɗinka. Hadiza, rubuta cewa ina kuka, kada ki ɓoye. Ina kukansa da safe idan na ɗauki man kaɗe na rasa mai murza mini wuya, ina kukansa idan amalanken wani ya wuce ta ƙofar gida. Idanuna dai gashin bai ƙone su ba.

Da na fita takaba, babban ɗana, Ɗanlami muke ce masa, ya zo daga Kano da mota. Ya ce in haɗa kaya. Dalilansa duk masu kyau ne. Can kusa da asibiti ne idan lokacin dubawa ya yi, akwai mai duba haƙora, babu hayaƙin da zai ƙara busar mini da maƙogwaro, ga jikoki. Ya ce kuma daddawar ai Baba ne ke riƙe da ita, yanzu babu shi. Wannan maganar ce ta tsaya mini, don ni ma haka na yi imani. Amma na san idan na shiga motar nan na zama kaya. A nan ɗakina yake, a nan tukwanena suke, kabarin Malam yana bayan gari inda nake ganin itatuwan wurin daga bakin rijiya.

"Ka bar ni in yi dahuwa ɗaya," na ce masa. "Idan kalwa ta ƙi ni, na bi ka, ba sai ka sake roƙo ba."

Ya yarda, ina jin don ya tabbata za ta ƙi. Ya ce zai kwana biyu a Daura wajen abokansa ya dawo.

Kwando uku na shimfiɗa a wannan dahuwar, don ina so in san gaskiyar abin ko da zan tafi. Ɗaya zan yi masa tofina busasshe. Ɗaya ba za a yi masa komai ba sai bisimilla. Na ukun Tabawa za ta tofa masa yawu na gaske, in ga ko na maƙwabta yana ci. A raina na ce idan nata kaɗai ya kama, sai in riƙa aron bakinta, ko da yake ban san ko Ɗanlami zai karɓi wannan a matsayin cin nasara ba.

Na tsame, na raba uku. Na juya wajen Tabawa sai na ga bakinta jawur da goro.

"Ba dai wannan za ki zuba mini a kalwa ba?"

"Ke da ba ki da ko ɗigo, har kina zaɓe?"

Na ce ta je ta wanke. Ta fita neman ruwa da asuwaki, a ƙofar gida kuma ta haɗu da wata mai son ƙuli-ƙuli, ina jiyo su suna zancen bikin wata. Ni dai na yi bisimilla na rufe na farko. Na sunkuya a kan na biyu na karanta addu'ar Gwaggo, ban tsaya neman abin da babu ba, na hura na rufe. Can sai ga Tabawa da haƙora fes. Ta gyara ɗaurin zane, ta karanta addu'ar, ta ƙara da wasu nata, ta roƙa wa iyayenmu gafara, ta roƙa mana ruwan damina, sannan ta tofa har da na kyauta. Muka kai su lungu muka jera.

Washegari na ɗora tafin hannu a kan buhunan. Biyu sun yi ɗumi kamar cikin kaza mai kwanci. Na Tabawa shiru. Na ce ko hannuna ne, na juya na gwada da bayansa, haka dai. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar buɗewa da hantsi Ɗanlami ya iso, ya tsaya daga bakin ƙofa, hancin ubansa gare shi. Na ɗaga buhun farko, wanda ba a yi wa tofi ba. Warin ya soke ni har hawaye. Na ɗauki ƙwaya, zare ya biyo ta. Na buɗe nawa, haka. Tabawa ta lasa duka biyun ta ce ba ta ga bambanci ba. Sannan ta buɗe nata da kanta tana murmushi, sai tsami ya taso, ga fumfuna fari-fari a sama. Irin lalacewar da tawa ta yi ranar da na zauna a kan turmi, ba ta rage komai ba.

"Yawuna lafiyarsa ƙalau," in ji Tabawa. "Kwandonki ne mai baƙin hali."

Ni kuwa na shiga tunani. Kwando biyu ne suka taɓa ƙi na a wannan shekara, na tambayi kaina me ya haɗa su. Ɗaya babu yawu, ɗaya yawu har ya yi yawa. Abin da ya haɗa su jira ne. Ranar farko na tsaya neman yawu, na shiga ɗaki, na fito, na yi kuka, kalwa tana buɗe tana shan iska har ta huce. Ta Tabawa ta huce tana jiran asuwaki da zancen biki. Malam kuwa wari ke korarsa, shi ya sa nasa tofin bai taɓa ɓata lokaci ba. Ashe addu'ar Gwaggo tsawonta daidai yake da abin da tururi ke bukata ya ɗan sarara, ba ƙari. Kalwa da zafinta take son a rufe ta. Na san wannan da hannuna tun ina yarinya, amma ban taɓa sanin sa da kaina ba, don ban taɓa jinkiri ba sai da bakina ya bushe.

Ko Gwaggo ta san haka ta ɓoye mini, ko ita ma haka aka ba ta, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Ba na cewa addu'a ba ta aiki. Ina cewa dai a yi ta a tashi.

Na bayyana musu. Tabawa ta ce wato duk addu'ar da ta yi wa iyayenmu ita ce laifi, na ce Allah ya karɓa, kalwa ce ba ta karɓa ba. Ɗanlami ya dubi kwandunan. Sannan ya ce, "Inna, alkawari alkawari ne." Ya sa sharuɗɗansa. Duk lokacin dubawa zai aiko mota kuma ba zan ce ina da tukunya a wuta ba, murhu zai koma fili inda iska ke kwashe hayaƙi, surfe da wanki kuma in nemi masu taya ni. Na karɓa duka. Motar da ta zo ɗaukata ta koma Kano da ƙullin daddawa a baya, gilasai a sauke.

Da suka watse na zauna ni kaɗai da kwandunan, abin ya zo mini. Malam ya tafi yana ganin yawunsa ne ya riƙe mini sana'a. Da yana nan, da na shekara ina tsokanarsa, in ce ashe gudun wari ne duk gwanintarka. Da ya ce ƙarya nake, ya je bakin masallaci ya kai ƙarata. Na gano abin da ya fi komai ban dariya a zamanmu, kuma babu wanda zan gaya wa ya ji haushi. Wannan ya fi mini ciwo fiye da gashin.

To, ku masu son koyo, kun ji inda masu taya ni za su fito. Ku zo da itacenku da zanen da ba kwa so. Za ku fara da tsintar tsakuwa. Idan muka kai ga kwando na ce a rufe, wadda ke da labari ta riƙe shi sai an danne buhu.

Ni har yanzu ina yin tofina, busasshe, don hannuna ba ya yarda ya ɗauki ganye sai na yi. A dahuwar watan jiya na sunkuya ina karantawa, tururi na dukan fuskata, sai na ji wani abu a ƙarƙashin harshe, ta gefen da ba a yanka ba. Ɗan damshi ne, bai kai ɗigon raɓa ba. Na tsaya cak. Na taɓa shi da kan harshe don in tabbata ba tururi ba ne. Nawa ne. Ga ganye a hannuna, ga kalwa tana jira, ga abin da na yi kuka a kan turmi ina nema.

Na haɗiye abina, na rufe kwando.